Bayan An Sallama



Duk wanda ya taɓa bin mahaifiyarsa kasuwa a gida Najeriya ya san kalmomi uku da ciniki ke tafiya a kansu. Mai saye ya taya. Idan tayin bai yi ba, mai kaya ya ce albarka. Idan ya yi, ya ce na sallama. Tsakanin tayi da sallama ana iya shafe rabin awa ana ja-in-ja a kan turmin atamfa ɗaya a Kantin Kwari, har mai saye ya yi kamar zai tafi a kirawo shi. Amma da zarar sallama ta fito daga bakin mai kaya, magana ta ƙare. Ko kuɗi bai fito daga jaka ba tukuna, kayan sun zama na wanda aka sallama wa. Wanda ya miƙo hannu daga baya ya ce shi zai ƙara, kallon da 'yan kasuwa za su yi masa kaɗai ya ishe shi.

A nan Ingila, inda aka haifi yawancinmu, sallama ba ta ƙare komai idan gida ake saye. Wata doka da aka yi a 1989 ta ce cinikin gida ko fili ba ya ɗaure kowa sai an rubuta shi a takarda da dukkan sharuɗɗansa, kowane ɓangare ya sa hannu. Ranar da lauyan mai saye da lauyan mai sayarwa suka yi musayar waɗannan takardu ita ce ranar da ciniki ya faɗa, kuma ranar ce aka saba biyan kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidan. Daga ranar da mai gida ya ce ya yarda zuwa ranar musaya akan ɗauki wata biyu ko uku, wani lokaci fiye. A duk tsawon wannan lokaci mai gida yana da damar karɓar tayin wani, mai saye ma yana da damar tafiyarsa, babu wanda zai kai wani kotu. Shi ya sa allon da kuke gani a ƙofar gidaje ba ya tsayawa a kan Sold kaɗai, sai an ƙara masa haruffa uku, STC. Ma'anarsu ita ce an sayar, amma fa sai idan takarda ta tabbata. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa da aka bari a buɗe, ya ɗora kuɗi a kan na wanda aka riga aka amsa wa ya ƙwace gidan, Turawa suna da suna na musamman ga abin da ya yi, suna ce masa gazumping. Ba su ɗauke shi abin yabo ba, amma ba su haramta shi ba.

Dillalin gidaje ma ba ya cikin laifi idan ya kai irin wannan tayi. Dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun wajabta masa ya isar wa mai gida duk tayin da ya zo, a rubuce kuma ba tare da ɓata lokaci ba, har zuwa ranar musaya, sai dai idan mai gidan ne da kansa ya ce kada a kawo masa. Ga shi kuma la'adarsa galibi kaso ce daga cikin kuɗin gidan.

Na fara jin wannan kalma shekara biyu da suka wuce, lokacin da abin ya faɗa wa wani abokin Baba, direban tasi, wanda muke ce wa Baffa. Shekara da shekaru yana tari, matarsa tana zubin adashi, har suka sami wani gida mai ɗaki uku aka amsa musu. Ya biya mai duba lafiyar gini fam 600. Ya biya lauya da kuɗin binciken ƙaramar hukuma kusan fam 900. Saura 'yan kwanaki a yi musaya sai aka bugo masa waya aka ce a yi haƙuri, wani ya zo da kuɗi a hannu ya ƙara fam 10,000. Ko sisi bai dawo masa ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labule. Matarsa ta riga ta auna tagogin gidan, ta kawo wa Umma yadi ta ɗinka mata, kuma babu taga ɗaya a gidan hayarsu da labulen ya yi wa daidai. A ƙofar masallaci kowa ya tofa albarkacin bakinsa, kuma bakin kowa ɗaya ne: wannan zalunci ne, rashin imani ne, abin da ba za a taɓa yi a gida ba.

Bara sai abin ya zo ƙofarmu, amma ta ɗaya gefen.

Mu shida ne a gidan haya mai ɗaki biyu a unguwar Longsight, nan Manchester. Ni da ƙannena mata biyu ɗakinmu ɗaya, Yaya kuma a falo yake kwana tun yana shekara goma sha uku. Karatun jarrabawar GCSE a teburin kicin nake yin sa, bayan an kwashe kwanukan dare. Baba direban bas ne, Umma tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Da yake Baba ya ƙi karɓar bashin banki mai ruwa, sai ya bi tsarin musharaka, inda banki zai sayi gidan tare da kai, kana biyan hayar kasonsa kana sayensa kaɗan-kaɗan. Takardar amincewar bankin ta daɗe ba ta zo ba. Muna cikin jiranta sai aka kafa allo a wani gida da bai fi tafiyar minti biyar daga wannan makaranta ba: ɗaki uku, da wani ƙaramin ɗaki a can saman bene mai taga a rufi. Mun je mun gani. Ban ce wa kowa komai ba, amma tun a matakala na riga na san inda zan ajiye teburina.

Gidan ya yi sati shida a kasuwa. A sati na bakwai aka liƙa masa Sold STC a kan fam 215,000. Kwana goma sha ɗaya bayan haka takardarmu ta iso.

Ni ce nake rubuta wa Baba imel, don haka ina zaune a gefensa ranar da dillalin ya bugo. Bai ce mu ƙara ba. Ya ce dai waɗanda aka amsa wa wasu matasa ne, mata da miji, gidansu na farko ke nan, matar tana da juna biyu, kuma bankinsu yana jan ƙafa. Ya ce shi aikinsa ne ya kai duk tayin da aka ba shi, kuma a ganinsa fam 7,000 a kan abin da aka amsa zai sa iyalin mai gidan su sake tunani. Baba ya ce ya ji, zai kira shi.

Daren nan Kawu, ƙanen Umma, ya zo. Kawu mutum ne mai saurin lissafi, kuma yana ƙaunarmu, kada wani ya karanta wannan ya ɗauke shi mugu. Ya ce, “Yaya, ai wannan ba abin tsayawa shawara ba ne. Dokar ƙasarsu ce ta yarda. Da aka yi wa abokinka, wa ya tausaya masa? Dubi yaran nan, sun girma, budurwa guda tana karatu a kicin.”

Baba ya ce, “Da aka yi masa, me muka kira abin?”

Kawu ya ce, “Wancan daban. Hadisin ai a kan ɗan uwa ya yi magana. Waɗannan ba Musulmi ba ne.”

Nan Baba ya yi shiru, domin ba malami ba ne, kuma ba ya son ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ranar Asabar bayan an tashi ya shigo ajinmu ya sami Malam, ya ce ni ma in zauna tunda da ni aka fara. A daidai lokacin muna babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira. Mun riga mun wuce wurin, har na haddace shi don jarrabawa, amma ranar ce na fara jin sa da gida a cikinsa.

Abin da Malam ya bayyana shi ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan uwansa, ko ya yi tayi a kan tayinsa. Amma hanin bai fara daga tayin farko ba. Imamu Malik ya yi bayani a Muwaɗɗa cewa yana farawa ne idan mai kaya ya karkata ga mai saye, sun daidaita, sun shiga maganar yadda za a biya da abin da ya rage na sharuɗɗa. Kafin wannan babu laifi mutane da yawa su taya abu ɗaya, kowa ya ƙara. Dalilin da ya kawo ya burge ni: da a ce tayin farko yana rufe ƙofa, da sai wani ya yi sammako ya taya kayan mutane da abin da bai kai ya kawo ba, kowa kuma ya ja da baya, masu kaya su yi ta asara. Shi ya sa gwanjo ya halatta. Kalmar da malamai ke amfani da ita ga wannan karkata tushenta ɗaya da rukuni, irin na shika-shikan Musulunci, wato abin da ake jingina da shi. Mai kaya ya jingina da maganar wani, shi ma wancan ya jingina da tasa. Wanda ya zo daga baya, abin jinginar wani yake zarewa.

Malam ya ce hukuncin ɗaya ne da neman aure. Samari goma suna iya aiko da magana gida ɗaya, babu wanda ya yi laifi. Ya tuna mana Faɗimatu bint Ƙais, wadda Mu'awiya da Abu Jahm suka nema a lokaci guda, Annabi bai zargi ɗayansu ba, ya ma ba ta shawarar ta auri Usama. Amma idan iyaye sun amsa wa ɗaya, an karɓi kuɗin gaisuwa, an fara maganar sa rana, sai wani ya zo da mota ya ce shi ma yana ciki, kowace tsohuwa a unguwa ta san sunan wannan.

Baba ya ce, “Allah gafarta Malam, to idan wancan ba Musulmi ba ne fa?”

Malam ya ce an sami wanda ya sauƙaƙa a kan haka cikin magabata, shi ne Imamu Auza'i, amma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa hanin ya haɗa da wanda ba Musulmi ba da ake zaman amana da shi. An ambaci ɗan uwa ne saboda shi aka fi yin ciniki da shi, cutarwa kuwa ba ta halatta a kan kowa. Sai ya ƙara da cewa a cikin malaman mazhabarmu akwai waɗanda suka ce wanda ya riga ya aikata, ya nemi gafara, sannan ya je ya miƙa wa na farkon kayan a kan kuɗin da ya saya, in ya so ya karɓa, in ya so ya bari. Na yi ta tunanin yadda mutum zai yi haka da gida mai ɗaki uku bayan ya kwashe kayansa ya shiga.

Ni dai ga yadda nake ganin hujjojin Kawu. Cewa doka ta yarda ba ta taɓa gamsar da kowa a cikinmu ba a kan wani abu daban. Doka ta yarda da caca, ta yarda da bashi mai ruwa, kuma Baba ya yi jiran wata da watanni don ya kauce masa. Cewa an yi wa Baffa kuwa, ba waɗannan matasa ne suka yi masa ba. Da mun ƙara, da fam 1,500 ɗin da ya ɓata a hannun Baffa ya sake ɓata a hannun wasu, watakila har da nasu labulen.

Amma Kawu yana da wata hujja ta huɗu, ita ce mai nauyi, kuma har yau ina juya ta. Ya ce kowa yana kuka da mai saye, wa ya tuna da mai sayarwa? Gidan na wata tsohuwa ne da aka kai gidan kula da tsofaffi, 'ya'yanta ne ke sayarwa don a biya mata. A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biyan kuɗin kulawarsa da kansa, kuma idan ya koma can dindindin, ba shi da mata ko miji da ya rage a gidan, galibi ana lissafa gidan cikin dukiyar. Umma ta san wannan fiye da kowa, tana ganin iyalai suna ƙirga watannin da kuɗin gida zai kai su. Kawu ya ce fam 7,000 makonni ne na kulawa ga tsohuwar nan. Ya ce, “Yaya, kai da kake gudun cutar da mutum biyu, ka hana tsohuwa haƙƙinta. Ita ba mutum ba ce?”

Wannan magana ba ta banza ba ce. Gaskiya ne mai kaya yana da haƙƙin ya sami mafi kyawun farashi, kuma don kare wannan haƙƙi ne ma Imamu Malik ya bar ƙofar tayi a buɗe. Sai dai a ganina haƙƙin nan yana da lokacinsa, kuma iyalin tsohuwar sun same shi cikakke. Sati shida gidan yana kasuwa, hotonsa yana intanet, duk mai so ya shiga ya gani. Babu wanda ya ruɗe su, babu wanda ya ɓoye musu farashin unguwa. Su da kansu suka duba abin da ya zo suka ce sun yarda, kuma a kan wannan yarda ne wasu mutane suka fara zare kuɗi daga aljihunsu. Da a ce an yaudare su ne aka taya gidan da rabin kuɗinsa, da magana ta canza. Rashin zuwan takardarmu da wuri kuwa ba laifin kowa ba ne a cikinsu. Mun makara ne kawai, kuma kuɗin da Kawu ke so a ƙara kuɗin sayen makara ne, wanda wasu za su biya.

Kawu bai tsaya nan ba. Ya ce to a nemi matasan a mayar musu da duk abin da suka kashe, har a ɗora musu wani abu, su janye da kansu. Wannan ta fi kusa, domin Malam ya ce idan na farko ya ba da izini ko ya bari da kansa, hanin ya faɗi. Baba ya ɗan karkata. Umma ce ta tsayar da ita, ita da ta fi kowa son gidan, wadda ta riga ta zaɓi inda keken ɗinkinta zai zauna. Ta ce, “Alhaji, ka je wurin yarinya mai ciki ka ce mata ga kuɗi ki bar gidan, alhali ta san in ta ƙi kana iya zagayawa ka ƙwace. Wannan izini ne?” Daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

Na zaci Baba zai ce a rubuta wa dillali cewa ga tayinmu a ajiye, in cinikin farko ya lalace a tuna da mu. Mutane da yawa suna yin haka suna ganin sun fita. Baba ya ce a'a. Tunda doka ta tilasta wa dillali ya kai duk tayi, ko mun ce a ajiye sai ya isa kunnen masu gida, daga nan kuma ya zama sanda a hannunsu: ku yi sauri, ko ku ƙara, ga wasu suna jira. Abin da ya sa na rubuta layi biyu ne kacal. Ba mu da tayi a kan wannan gida. Idan ya dawo kasuwa, ga lambarmu.

Bai dawo ba. Bayan wata biyu na ga motar kaya a ƙofar, yanzu kuma akwai keken jariri a baranda. Ta nan nake bi duk Asabar da Lahadi in zo makaranta, kuma ba na fasa ɗaga kai in dubi tagar saman.

Kada a ɗauka nauyin duka a kan mai zuwa daga baya yake. Wanda aka amsa wa shi ma yana da nasa. Akwai masu saye da ke jira sai mai gida ya ɗaure kayansa, ya riga ya yi alkawarin wani gidan, sannan ana gobe musaya su ce sai an rage musu fam 5,000 ko su fasa. Wannan ma yana da suna, gazundering, kuma shi ma doka ba ta hana ba. Akwai kuma wanda zai sa a cire gida daga kasuwa alhali bai ko je banki ba, ya bar mutane wata huɗu suna jira. Idan irin wannan ne ya yi ta wasa da mai gida har aka gaji aka sallame shi a fili, wanda ya zo bayansa bai shiga cinikin kowa ba.

Abin mamaki, ba sai an je nesa ba kafin a ga wani tsari. Gwaggona tana Glasgow, kuma a Scotland lauyoyi ne ke miƙa tayi a rubuce. Idan masu so sun yi yawa sai a sa rana da sa'a, kowa ya aiko da nasa a rufe, a buɗe gaba ɗaya, mai gida ya zaɓa. Ƙa'idar lauyoyin can ta ce lauyan da ya riga ya amsa wa wani a madadin mai gida ba zai koma ya shiga ciniki da wani ba sai na farkon ya rushe. In mai gidan ya nace, sai dai ya nemi wani lauyan. A Ingila ma, Yaya, wanda yake karanta shari'a a kwaleji, ya gaya mini cewa tun 1993 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa mai saye yana iya ɗaure mai gida da alkawarin ba zai saurari kowa ba na wani ƙayyadadden lokaci. A shari'ar da aka yi, kwana 14 ne, mai sayarwa ya karya, kotu ta ce ya biya diyya. Yaya ya ce da Baffa ya san da wannan, da ya nema tun ranar farko.

Farkon wannan shekara wani gidan ya fito, ɗaki uku shi ma, a Levenshulme. Wannan karon takardarmu tana hannu, kuma babu wanda aka amsa wa. Dillali ya ce mutum uku ne ke so, kowa ya aiko da tayinsa na ƙarshe kafin ƙarfe 12 na ranar Juma'a. Baba ya sa na rubuta in nemi a tabbatar mana a rubuce cewa da gaske akwai sauran masu tayi. Ƙirƙiro mai tayi na ƙarya don a zuga farashi shi ne najashu da muka karanta, kuma a nan dokar Ingila da Risala bakinsu ɗaya, dukansu sun hana.

Ranar Laraba Baba ya ji a masallaci cewa ɗaya daga cikin ukun ɗan garinmu ne, wanda 'ya'yansa ke wannan makaranta. Nan take masu shawara suka taso. Wani ya ce su haɗa baki su taya ƙasa-ƙasa. Wani ya ce Baba ya roƙe shi ya janye, tunda mu mun fi yawa kuma mun fi daɗewa muna nema. Malam ya ce a Mukhtasar na Shehu Halilu an halatta a roƙi wani daga cikin masu tayi ya dakata, abin da aka hana shi ne a haɗa kan dukkansu a danne mai kaya. Ke nan da Baba ya roƙa, bai yi laifi ba. Bai roƙa ba. Ya ce mutumin yana jin nauyinsa, in ya roƙa ba zai iya cewa a'a ba, kuma shi ma yana da 'ya'ya a ɗaki ɗaya. Ya dai buga masa waya ya ce, “Alhaji, na ji kana neman gidan nan. Ni ma ina ciki. Na ce gara ka ji daga bakina.” Mutumin ya ce, “Madalla, Alhaji, Allah ya ba mai rabo.” Babu wanda ya tambayi ɗan uwansa nawa zai sa.

Daren Alhamis Baba da Umma suka zauna da biro da takarda har ƙarfe ɗaya. Suka haɗa adashin Umma da abin da Kawu ya ce zai ranta, suka fitar da iyakar abin da za su iya ba tare da an taɓa kuɗin abinci ba. Baba bai rage ko fam ɗaya don kunya ba. Fam 223,500 na rubuta, hannuna yana rawa, na tura da ƙarfe 9 na safe kafin in tafi makarantar boko.

Sun fi mu da fam 2,000. Mutumin da kansa ya bugo ya shaida wa Baba tun kafin dillali ya kira. Da suka tare Umma ta dafa tukunyar dambu muka kai, Kawu ne ma ya ɗauko ta a motarsa yana ta mita a hanya. 'Yarsu ajinmu ɗaya, kuma na san za ta karanta wannan, tunda ita ce ke tattara rubuce-rubucen shafin Hausa. Ɗakin baya, mai kallon lambu, shi aka ba ta. Ta ce in zo in taya ta fenti a hutun da ya wuce, na ce sai dai in ni zan zaɓi launi. Shuɗi mai haske muka shafa. Ran Talata da Alhamis can nake zuwa mu yi bitar lissafi, da yake teburinta ya ishi mutum biyu, Baba kuma ya sa in ci gaba da duba intanet kowace safiya kafin in fita.